Svante Arrhenius: Malamin Da Ya Lissafa Ɗumamar Duniya Da Alƙalami Tun 1896

Duk ma'aikacin gwamnatin tarayya da fayil ɗin sauyin yanayi ya taɓa biyowa ta teburinsa, da duk hadimin da aka taɓa ɗora wa rubuta jawabin da maigidansa zai karanta a taron ƙasashen duniya, ya yi aiki da amsar wata tambaya ko da bai sani ba: idan iskar kabon da ke sararin sama ta ninka, da digiri nawa zafin duniya zai ƙaru? Wannan tambaya ce ginshiƙin Yarjejeniyar Paris ta 2015, da Dokar Sauyin Yanayi da Nijeriya ta kafa a 2021, da alkawarin da ƙasar ta ɗauka na daidaita hayaƙin da take fitarwa nan da 2060.

Mutumin da ya fara zama ya amsa ta da alƙaluma shi ne Svante August Arrhenius, ɗan ƙasar Suwidin, wanda ya rasu tun 1927. Da alƙalami da takarda ya yi aikin, kuma amsar da ya fitar a 1896 ba ta yi nisa ƙwarai da ta masanan yau ba. Ya gano inda aka dosa, ya kuskure saurin tafiyar, kuma da yake ɗan ƙasar sanyi ne, ya ɗauki abin da ya hango a matsayin alheri. Ƙanƙarar ƙuryoyin duniya, wadda ita ce ta ja shi ga lissafin tun farko, ita ce kuma a yau take ba da shaida a kansa.

Haihuwa da karatu

An haifi Arrhenius ranar 19 ga Fabrairu, 1859, a Vik, kusa da birnin Upsala. Mahaifinsa, Svante Gustaf, ma'aikacin safiyo ne mai kula da filayen Jami'ar Upsala, sunan mahaifiyarsa kuma Carolina Thunberg. An ruwaito cewa ya koya wa kansa karatu yana ɗan shekara 3, ya kuma koyi lissafi ta hanyar zura wa mahaifinsa ido yana tara alƙaluma a littattafan asusu. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ya shiga Jami'ar Upsala a 1876, amma koyarwar da ya tarar a can ba ta gamsar da shi ba, don haka a 1881 ya koma Stokholm, ya shiga ɗakin gwaje-gwajen Farfesa Erik Edlund.

Abin da ya ɗauke masa hankali a can yana da sauƙin faɗi. Tataccen ruwa ba ya barin lantarki ya ratsa shi sai ɗan abin da ba a rasa ba. Busasshen gishiri, irin wanda matan Keana da Awe suka daɗe suna dafawa a Jihar Nasarawa, shi ma ba ya bari. Amma da zarar an narkar da gishirin a ruwa, sai lantarki ya wuce. Arrhenius ya bayyana cewa gishiri idan ya narke yana rabewa zuwa ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da cajin lantarki, kuma su ne ke ɗaukar wutar su ƙetare da ita.

A 1884 ya miƙa wannan bincike a Upsala domin neman digirin digirgir. Malamansa, ciki har da masanin sinadarai Per Teodor Cleve, ba su ga abin yabo a ciki ba. Suka ba shi sakamako mai rauni, irin wanda ke toshe wa mutum hanyar samun aikin koyarwa. Maimakon ya zauna zaman takaici, sai ya aika kwafin kundin ga manyan masanan Turai. Wilhelm Ostwald, wanda ke koyarwa a Riga, ya karanta, ya yi tattaki har Upsala domin ya gana da saurayin, ya kuma yi masa tayin aiki. Ganin baƙo ya taso daga wata ƙasa saboda ɗalibin da suka raina, sai jami'ar ta ba shi gurbin koyarwa. Rashin lafiyar mahaifinsa, wanda ya rasu a 1885, ya hana shi bin Ostwald nan take.

Daga 1886 ya samu tallafin tafiye-tafiye daga Cibiyar Kimiyya ta Masarautar Suwidin, ya yi aiki da Ostwald a Riga, da Friedrich Kohlrausch a Jamus, da Ludwig Boltzmann a Ostiriya, da Jacobus van 't Hoff a Holan. A 1889 ya fitar da ƙa'idar da har yau take ɗauke da sunansa, mai bayyana yadda zafi ke gaggauta haɗuwar sinadarai. Da ita ake fahimtar abin da ya sa tumatir ke saurin ruɓewa a bazara, kuma masu haɗa magunguna na amfani da ita wajen ƙayyade wa'adin lalacewar magani. Ya koma Stokholm a 1891, ya zama farfesan fiziks a 1895, sannan ya shugabanci kwalejin har zuwa 1902.

Tambayar ƙanƙara

A Stokholm akwai wata ƙungiyar masana da Arrhenius ke cikin jagororinta, inda malaman fannoni daban-daban ke haɗuwa suna tafka muhawara. Babban abin da ke cin ransu a lokacin shi ne zamanin ƙanƙara. Tun daga shekarun 1830 masanin Suwizalan Louis Agassiz ya yayata ra'ayin cewa an taɓa yin zamanin da ƙanƙara ta binne arewacin Turai, kuma ɗan Suwidin ba ya buƙatar dogon wa'azi a kan haka: ga manyan duwatsu nan yashe a gonaki waɗanda ƙanƙarar ta kwaso daga nesa, ga kuma zanen da ta karta a jikin fā. A yau an san cewa kimanin shekara 20,000 da suka wuce Suwidin gaba ɗayanta tana ƙarƙashin ƙanƙara, kuma teku ya yi ƙasa da inda yake yanzu da kusan mita 120. Abin da ba a sani ba a wancan lokaci shi ne abin da ya kawo ƙanƙarar da abin da ya kore ta.

Wasu sun riga sun share hanya. A 1824 masanin lissafi na Faransa, Joseph Fourier, ya nuna cewa iskar da ke lulluɓe da duniya tana riƙe wani kaso na zafi. A 1856 wata Ba'amurkiya, Eunice Foote, ta gwada ta ga kwalbar da aka cika da iskar kabon ta fi ta iskar yau da kullum ɗaukar zafi a rana. A 1859, shekarar da aka haifi Arrhenius, John Tyndall ya nuna a Landan cewa tururin ruwa da iskar kabon ne ke tare zafin da ƙasa ke mayarwa sama. Abin da ya rage shi ne wani ya faɗi adadi, ya ce kaza na kabon yana haifar da kaza na zafi.

Shekara guda ta lissafi

Arrhenius ya shiga wannan aiki a lokacin da gidansa ke rushewa. Ya auri tsohuwar ɗalibarsa, Sofia Rudbeck, a 1894, suka haifi ɗa mai suna Olof, amma auren ya mutu a 1896. A tsakanin nan ne ya shafe kusan shekara guda yana lissafi.

Da yake ba shi da na'urar da zai auna yadda iska ke tare zafi, sai ya ari alƙaluman masanin taurari na Amurka, Samuel Langley, wanda ya yi ta auna ɗan zafin da ke isowa ƙasa daga wata. Idan wata yana tsakiyar sama, zafinsa yana ratsa iska kaɗan kafin ya iso; idan ya yi ƙasa, yana ratsa mai yawa. Daga wannan bambanci Arrhenius ya ciro ƙarfin iskar kabon da na tururin ruwa. Sannan ya yanka duniya ɗauri-ɗauri daga arewa mai nisa zuwa kudu mai nisa, ya lissafa zafin kowane yanki a kowane lokaci huɗu na shekara, ya maimaita da adadin kabon iri biyar. Lissafin ya kai dubun dubata.

Abubuwa biyu ne suka ɗaga darajar aikin. Na farko, ya lura cewa idan iska ta ɗumama tana ɗaukar ƙarin tururin ruwa, tururin kuma ya ƙara tare zafi, abin ya riƙa ciyar da kansa. Na biyu ya shafi ƙanƙara kai tsaye. Wanda ya taɓa tsayawa a ranar Lafiya cikin watan Maris da farar riga, ya sake tsayawa da baƙa, ya san cewa fari yana mayar da hasken rana, baƙi kuma yana shanye shi. Ƙanƙara farar rigar duniya ce. Idan ta ja da baya, ƙasa da teku masu duhu suna bayyana, su sha zafi, su narkar da wata ƙanƙarar.

Ya gabatar da sakamakon ga abokansa a ƙarshen 1895, aka kuma buga shi a mujallar Philosophical Magazine ta Landan a Afrilun 1896. Ya nuna cewa idan iskar kabon ta ragu da kusan rabi, zafin Turai zai sauka da digiri 4 zuwa 5 a ma'aunin Salshiyas, abin da ya isa ya dawo da zamanin ƙanƙara. Idan kuma ta ninka, zafin duniya zai hau da digiri 5 zuwa 6. Ya ƙara da cewa ɗumamar za ta fi tsanani a yankunan ƙanƙara fiye da tsakiyar duniya, a kan tudu fiye da teku, da hunturu fiye da lokacin zafi.

Abokinsa masanin duwatsu, Arvid Högbom, shi ne ya jawo hankalinsa ga hannun ɗan'adam a cikin lamarin. Högbom ya ƙiyasta cewa duniya na haƙo kwal kimanin tan miliyan 500 a shekara, kuma kabon ɗin da ke fita daga ƙona shi ya kai a kwatanta shi da wanda ke zagayawa ta hanyoyin halitta. Amma Arrhenius ya ɗauka teku zai shanye mafi yawansa, don haka sai an yi dubban shekaru kafin a ga gagarumin ƙari. A damunar Turai ta wannan shekara ta 1896 ya ga ƙanƙarar arewa da idonsa, lokacin da ya bi ayarin Salomon Andrée zuwa tsibiran Sbalbad a matsayin mai nazarin ruwan teku. Andrée ya so ƙetare ƙuryar arewacin duniya a cikin balan-balan, iska ta ƙi ba shi dama. Da ya sake gwadawa a 1897, shi da abokan tafiyarsa biyu ba su dawo ba.

Suka, girma da tabo

A 1900 wani ɗan ƙasarsu, Knut Ångström, ya buga sakamakon gwajin da ya nuna kamar iskar kabon da ke sama ta riga ta tare duk zafin da za ta iya tarewa, don haka ƙari ba zai canja komai ba. Arrhenius ya mayar da martani a 1901, amma akasarin masana suka bi Ångström, aka jingine lissafin shekaru masu yawa. Shi kansa bai ɗauki batun a matsayin gargaɗi ba. A littafin da ya rubuta wa jama'a a 1906 kan samuwar duniyoyi, ya rage adadin zuwa kimanin digiri 4, ya kuma yi fatan cewa hayaƙin kwal zai kawo wa ƙasashen sanyi yanayi mai laushi da amfanin gona mai yawa, ya kuma kare jikoki daga dawowar ƙanƙara. Manomin ƙasar zafi, wanda rayuwarsa ta rataya a kan ruwan watanni biyar ko shida, bai shigo cikin wannan fata ba.

A fannin sinadarai kuwa tauraronsa ya haska. A 1903 aka ba shi lambar yabo ta Nobel a kan binciken nan na gishiri da lantarki da aka raina shekara 19 da suka gabata, ya zama ɗan Suwidin na farko da ya karɓe ta. A 1905 Jamus ta yi zawarcinsa zuwa Balin, sai ƙasarsa ta kafa masa Cibiyar Nobel ta bincike a Stokholm, ya shugabance ta har ƙarshen rayuwarsa. A shekarar ce ya auri Maria Johansson, wadda ta haifa masa 'ya'ya uku. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi ƙoƙari wajen ganin an sako masanan Jamus da Ostiriya da aka kama fursunonin yaƙi.

Tarihi bai rufe masa asiri kan inda ya gaza ba. Marubuta tarihin Nobel sun nuna cewa ya yi amfani da ƙarfin faɗa-a-jinsa wajen ɗaga abokai da danne waɗanda suka saɓa masa, har ana danganta masa rashin ba Dmitri Mendeleev na Rasha lambar a 1906, da jinkirin ba Walther Nernst na Jamus. Mafi muni, yana cikin jagororin ƙungiyar da aka kafa a Suwidin a 1909 mai da'awar tace jinsin ɗan'adam, aƙidar da daga baya ta haifar da dokokin hana wasu talakawa da marasa lafiya haihuwa. Ilimin lissafi bai tsare shi daga son zuciyar zamaninsa ba.

A shekarunsa na ƙarshe ya yi ta jan kunne cewa kwal da man fetur dukiya ce mai ƙarewa, yana kira da a juya ga ƙarfin ruwa da iska da rana. Ya rasu a Stokholm ranar 2 ga Oktoba, 1927, yana da shekara 68, aka binne shi a Upsala.

Shaidar ƙanƙara

Bayan rasuwarsa ne gaskiyar lissafin ta fara fitowa. A 1938 injiniyan Ingila Guy Callendar ya nuna cewa duniya ta fara ɗumama. A shekarun 1950 aka gano kuskuren hujjar Ångström, domin can sama inda iska ke da sanyi da shaƙaf, ƙarin kabon yana ƙara tare zafi. Aka kuma gano cewa teku ba ya shanye kabon da saurin da aka zata. A 1958 Charles Keeling ya fara auna iskar a tsibirin Hawai, kuma tun daga nan adadin hawa yake yi. Kafin zamanin masana'antu akwai kimanin ƙwaya 280 ta kabon a cikin kowace ƙwaya miliyan ta iska. Yanzu ta haura 420. Kwal ɗin da duniya ke ƙonawa a shekara ya wuce tan biliyan 8, fiye da ninki 16 na abin da Högbom ya ƙirga. Kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta a 2021 cewa ninkin kabon zai ƙara kimanin digiri 3. Akwai sa'a a kusancin adadin Arrhenius da wannan, domin alƙaluman Langley suna da naƙasu, amma tsarin tunaninsa ya tsaya da ƙafarsa.

Masu haƙa ƙanƙarar Antatika sun zaƙulo kumfar iskar da ta maƙale a cikinta tsawon shekara 800,000, suka ga cewa a zamunan ƙanƙara kabon na sauka zuwa kimanin 180, a zamunan ɗumi ya hau zuwa kimanin 280. An gane cewa ƙananan sauye-sauye a zagayen duniya ga rana ne ke tayar da zamunan, kabon da farin ƙanƙara kuma su rura su. Yankin Aktik a yau yana ɗumama kusan ninki huɗu na sauran duniya. Ƙanƙarar da ke kan tsibirin Girinlan ta kusa ninka Nijeriya faɗi, kaurinta ya kai kilomita 3 a tsakiya, kuma taurarin ɗan'adam da ke auna ta tun 2002 sun nuna tana asarar kimanin tan biliyan 270 a shekara, Antatika kuma sama da biliyan 100. Ƙanƙarar da ke yawo a teku ba ta ɗaga shi idan ta narke, kamar yadda ta cikin kofin zoɓo ba ta sa shi ya tumbatsa. Wadda ke zaune a kan tudu ita ce abin tsoro. Da ta Girinlan za ta narke duka, teku zai hau da kimanin mita 7. Tsakanin 1901 da 2018 ya riga ya hau da kimanin santimita 20.

Daga Girinlan zuwa Obi

Nijeriya na da gaɓar teku mai tsawon kilomita sama da 800, kuma mutanen Ayetoro a Jihar Ondo sun riga sun ga teku ya cinye unguwanninsu. Amma lamarin bai tsaya a gaɓa ba, kuma ƙaramar hukumar Obi a Jihar Nasarawa ta haɗa ɓangarorinsa biyu a wuri guda. A ƙarƙashin ƙasar Obi da Lafiya akwai kwal mai irin ƙarfin da ake nema wajen narka ƙarfe, wanda ya ja hankalin gwamnatin tarayya tun shekarun 1970 da ake shirin masana'antar ƙarafa. A Maris 2023 kamfanin NNPC ya fara haƙa rijiyar binciken mai ta Ebenyi-A a wannan ƙaramar hukuma. A saman ƙasar kuwa doya ce da rogo da shinkafa da riɗi, dukkansu suna jiran damina.

Daminar Afirka ta Yamma tana da alaƙa da zafin tekun Atlantika. Wani bincike da masanan Faransa suka buga a 2017 ya nuna cewa idan ƙanƙarar Girinlan ta narke da sauri, ruwanta marar gishiri zai iya raunana igiyar tekun da ke kai ɗumi arewa, iskar damina ta ja da baya, noman gero da dawa ya ragu ƙwarai a yankin Sahel. Hasashe ne na kwamfuta, amma duk wanda ya san abin da farin 1973 da na 1984 suka yi, da yadda matsin arewa ke gangarowa kwarin Binuwai da mutane da dabbobi, ya san nauyinsa. A ɗaya hannun, duk digiri ɗaya na ƙarin zafi yana ba iska damar ɗaukar ƙarin tururi kusan kashi 7 cikin 100, shi ya sa ruwa kan zo da ƙarfi idan ya zo. Ambaliyar 2022, wadda mamakon ruwa da sakin madatsar Lagdo ta Kamaru suka haɗu suka haifar, ta kashe mutum sama da 600, ta raba fiye da miliyan guda da gidajensu.

Nijeriya ba ta fitar da ko kashi 1 cikin 100 na kabon ɗin duniya, kuma tana da haƙƙin neman makamashin da za ta rayu da shi. Wannan hujja ce mai ƙarfi a teburin shawarwari, sai dai ba ta sauya lissafin sama. Takardar Arrhenius ta yi kusan shekara 60 a jingine kafin a dawo mata, kuma kabon bai daina taruwa ba a tsawon wannan lokaci. Irin waɗannan takardu suna isowa ofisoshin Abuja kowace shekara: hasashen damina na hukumar NiMet da hasashen ambaliya na hukumar NIHSA. Aikin masu riƙe da fayil shi ne su tabbatar sun isa sakatariyar Obi da harshen da manomi zai fahimta, kafin ya tayar da kunyar doya ya zuba irinsa.